Jirgin faiba a Kano: daga bangon baya zuwa daɓe

'Yan'uwa masu koyon gyaran jirgin ruwa na faiba, ga inda aka kai. Jirgin nan mai ɗaki a gaba, tsawonsa mita 6.4, faɗinsa mita 2.4, yana zaune a rumfa a Sharaɗa tun ƙarshen damina, kuma har yanzu ba a sayi ko gwangwanin fenti ɗaya ba. Da gangan ne. Faiba ba ta ruɓewa, amma katakon da aka binne cikinta yana ruɓewa, kuma shi ke ɗauke da injin da mutanen. Jirgi na iya yin sheƙi a waje alhali cikinsa ya zama kamar dusa.

Kafin a cire komai, an fara da shimfiɗar da jirgin zai zauna. Tsakiyar ƙasansa ta hau kan katakai huɗu masu kauri, an daidaita su da ma'aunin ruwa, sannan aka tokare gefe da gefe. Wannan mataki mutane ke tsallakewa. Da zarar an yanke daɓe da haƙarƙarin ciki, gangar jirgin tana laushi, sai ta lotsa inda nauyi ya danna. Idan aka zuba sabuwar faiba a haka, lotsawar ta zauna ke nan har abada, kuma jirgin zai riƙa karkata a ruwa. A sa bulo ko ƙarfe tsakanin katakon tokara da ƙasa, domin garar Kano ba ta jiran kowa.

Gwajin bangon baya

Bangon baya, inda injin ke ratayawa, fata biyu ce ta faiba da filawud a tsakani. Ana gwada shi da ƙaramar guduma. Wuri mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, kamar an bugi kabewa. Kunne kaɗai bai isa ba, don haka aka huda ramuka shida daga ciki da bakin dirila mai milimita 6, ba tare da an fasa fatar waje ba. Garin katako mai lafiya fari ne busasshe. Na nan baƙi ne, jiƙaƙƙe, har ruwa na biyo bakin dirilar a ramukan ƙasa. Ruwan ya shiga ne ta ramukan sukurori da ta bakin babban ramin tsohon injin na cikin jirgi, inda aka bar gefen katakon tsirara.

An yanke fatar ciki da giranda, aka bar baki na santimita 5 a kewaye, aka sassaƙe katakon da cizal. Fatar waje ba a taɓa ta ba, ita ce za ta riƙe siffa. Bayan an kankare, aka gurje ta da sanfefa mai lamba 36 har sai da launin faiba mai tsabta ya fito ko'ina. Ƙurar nan gilashi ce. Ɗan ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci lokacin hunturu ba ya tare ta; a nemi abin rufe hanci mai matata, da tabarau, da riga mai dogon hannu. Bayan aiki a fara wanka da ruwan sanyi, ruwan zafi yana ƙara ƙaiƙayin.

A ƙarƙashin daɓe an tarar da soson da ake zubawa don jirgi ya yi iyo. Ya sha ruwa ya ƙoshi. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jirgin yana yawo da nauyin mutane biyu ko uku da ba kowa ya gani. An fitar da shi duka da shebur.

Hunturu da shanya

A wajen shanya Kano ta fi bakin teku. Ƙasan jirgin yana da ƙuraje, wato ƙananan kumburi a ƙarƙashin jelkot, shafen nan mai sheƙi na wajen faiba, wasu kamar ƙwayar gyaɗa, wasu kamar kwabo. Ruwa ne ke ratsa jelkot a hankali, ya haɗu da ragowar sinadarin da bai daskare ba, ya zama ruwa mai tsami. In aka fasa ɗaya za a ji wari kamar na binega, kuma yana iya fesowa, saboda haka tabarau dole ne. An buɗe kowanne da giranda har zuwa faiba mai kyau, aka wanke da ruwa mai yawa sau biyu a mako. Wankin yana da dalili: sinadarin da ke ciki ba ya tashi da iska, yana jawo danshi, sai ruwa ne ke fitar da shi. Shanya ba wanki ɓata lokaci ne.

Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ta yi abin da a wasu ƙasashe sai an kunna na'urar dumama. Wanda ba shi da ma'aunin danshi ya yanki farar leda, santimita 30 kowane gefe, ya manne ta da salatif a jikin jirgin, ya bar ta kwana ɗaya. In gumi ya taru a cikinta, da saura. Ledar nan ta daina gumi a mako na tara.

Rezin da zafin Kano

Rezin, ruwan da ake jiƙa faiba da shi ya daskare, iri biyu ne a gabanmu. Foliyesta ita ce wadda masu gyaran bambar mota da masu tankin faiba ke amfani da ita, tana samuwa kuma da sauƙi. Ifoksi ta fi ƙarfin kamu, ta fi tare ruwa, amma tana da tsada kuma sai an sa an kawo. Ƙa'ida ɗaya ce ba a karyawa: ifoksi tana kama kan foliyesta, foliyesta ba ta kama kan ifoksi da kyau. Saboda haka aka yi duk ginin da foliyesta, aka ajiye ifoksi don ramukan noti da shafen ƙasan jirgi, waɗanda su ne na ƙarshe. Tabarmar faiba mai gashi a warwatse ma da foliyesta aka yi ta, domin gam ɗin da ke riƙe gashin a cikinta yake narkewa.

Hadinar foliyesta, wato sinadarin da ke daskarar da ita mai suna MEKP, ana sa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Rezin giram 500, hadina mililita 5 zuwa 10. A auna rezin a sikeli, hadina da sirinji, ba da murfin kwalba ba. Kwaɓin farko a nan ya lalace: kilo ɗaya da rabi a dogon bokiti, kashi 2 cikin ɗari, da azahar a watan Maris. Cikin minti bakwai ya daskare, ya yi zafi har yana hayaƙi, ya tafi da buroshi da rola. Rezin yana haifar da nasa zafin yayin daskarewa, kuma in ya taru a wuri mai zurfi zafin ba ya samun mafita, sai ya ƙara hanzarta kansa. Kusan duk ƙarin digiri 10 yana raba lokacin aiki biyu. Abin da littafi ya ce minti ashirin a digiri 25, a digiri 40 na bazara bai kai rabin haka ba.

Gyaran shi ne kwaɓi kaɗan-kaɗan, giram 500, a faffaɗan tire, da kashi 1 cikin ɗari, a fara bayan asuba a tsaya kafin ƙarfe goma. Galan ɗin rezin ya kwana a cikin baho da ruwan randa. Kada a rage hadina ƙasa da kashi 1 don neman lokaci, faibar za ta fito da danƙo, ba za ta taɓa yin ƙarfinta ba. A tsakiyar hunturu lissafin yana juyewa: sanyin safiya na iya sauka ƙasa da digiri 15, rezin ya ƙi daskarewa, sai a jira hantsi a koma kashi 2. In an sayar muku da ruwan kobalt mai launin shunayya daban, a juya shi cikin rezin tukuna, sannan hadina. Haɗa su biyun kai tsaye wuta ce nan take. Ɗigon hadina a ido kuma na iya makantarwa, a ajiye bokitin ruwa kusa.

Sabon bango

An yanki filawud biyu masu milimita 18 bisa zanen da aka ɗauka da kwali. Kafin saye a 'Yan Katako, a yanki ɗan guntu a tafasa shi awa biyu; in yadukansa suka rabu, gam ɗinsa ba na ruwa ba ne, komai sunan da aka buga a jikinsa. Kowace fuska da kowane gefe sun sha rezin sau ɗaya har ya fara danƙo. Busasshen katako yana tsotse rezin daga tabarma ya bar ta fara fat, daga nan ɓarewa ke farawa.

Tunda za a bar injin cikin jirgi a koma injin ratayawa, an toshe babban ramin tsohon injin. Fatar waje kaurinta milimita 6, sai aka fiƙe bakin ramin a karkace sau goma sha biyu na kaurin, wato milimita 72 a kewaye, aka cike da yaduka kowane ya ɗan bambanta da na bayansa a faɗi. Facin da aka yi a kan baki tsaye yana tsagewa a daidai layin.

Aka shimfiɗa tabarma biyu jiƙaƙƙu, masu giram 450 a kowane murabba'in mita, a fatar waje, aka danna filawud na farko, tabarma ɗaya, sannan na biyu, aka matse da katakan madaci ciki da waje ta ramukan da ke akwai. Kusurwoyi an cika su da kwaɓin rezin da yankakken gashin faiba, aka zagaye su da bayan cokali, domin tabarma ba ta kwanciya a kusurwa mai kaifi, takan ɗaga ta bar iska. Fatar ciki: tabarma 450, saƙaƙƙiyar faiba mai giram 600, haka sau uku, kowane yadi ya zarce na baya da santimita 5 a jikin gangar. Murabba'in mita na tabarma yana cin rezin kusan kilo 1.1, saƙaƙƙiya kusan giram 700. A fili na murabba'in mita biyu da rabi lissafi ya ba da kilo 13 da rabi, amma da asara da cike kusurwa an ƙarar da kilo 18. Ba a zuba fiye da yadi biyu a tashi ɗaya saboda zafi. Rolar ƙarfe mai zara-zara ita ke korar iska. Duk farin tabo da ya rage a gurje shi a sake.

Ƙura ita ce ɗayar matsalar. A yayyafa ruwa a ƙasan rumfa, a goge wurin da asiton da farin ƙyalle minti kaɗan kafin zuba. Tina da fetur suna barin maiƙo, iskar kwamfaresa ma haka.

An yanke saman bangon a tsayin milimita 508 daga ƙasan jirgi, daidai da inji mai doguwar ƙafa. Ramukan noti masu milimita 12 an fara huda su da 20, aka cika da ifoksi mai kauri, ya bushe, aka sake hudawa da 12. Ruwan da ya bi noti zai tarar da ifoksi, ba katako ba. A gaban bangon an gina kwarmin tare ruwa mai magudana biyu, tunda bangon ya yi ƙasa fiye da da.

Haƙarƙarin ciki an canja su ɗaya bayan ɗaya, ba duka lokaci guda ba, aka bar ramukan wucewar ruwa a ƙasansu. Daɓe filawud ne mai milimita 12, an rufe fuskarsa ta ƙasa da tabarma kafin a kwantar.

Ɗaki da rumfa

Ɗakin an gina shi don ƙasar sanyi, tagoginsa ba sa buɗewa. A watan Afrilu tanda ne. An yanke ƙofar iska ta santimita 50 a rufinsa, kusurwoyin a zagaye don kada tsaga ta fara daga nan, aka rufe gefen yankan da rezin.

Mai walda zai ba da shawarar rumfar bututun ƙarfe da kwano. A ƙi. Nauyin da ke sama da kai yana rage ƙarfin jirgi na komawa daidai in ya karkata, ga shi kuma an cire tsohon injin da ke can ƙasa yana riƙe shi. Mutanen Kano ba su manta da kifewar jirgi a madatsar Watari a Bagwai cikin Nuwamban 2021 ba. Rumfar nan ta alminiyom ce da tamfol, da farantin sola ɗaya na wat 100. Batir da tankin mai an saukar da su ƙasa a tsakiya, fis ɗin batir bai wuce santimita 18 daga kansa ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan jirgi, don haka bututun numfashin tanki waje yake fita.

Abin da ya rage kafin ruwan sama ya sauka: cike ƙurajen da ifoksi, shafe huɗu a ƙasan jirgi, a wanke da ruwa a gurje duk shafen da ya kwana, sannan farin fenti. Guntun ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙafar inji don tsatsa ta ci shi maimakon injin, na ruwan daɗi magniziyam ne, zinki na teku ne. Gwajin farko a madatsar Tiga zai kasance a bakin gaɓa, jirgin na kan tirela rabi a ruwa, murfin daɓe a buɗe, a zauna awa biyu da tocila ana duban ramukan noti da facin bangon baya.