Vesta, duniyar da ba ta kai ga girma ba

A nan Mai Wurno, idan wuta ta ɗauke da dare aka fito da gadaje tsakar gida, sama takan cika maƙil da taurari. A irin wannan dare ne ɗan yayana ya ce mini, "Baffa, shin akwai dutsen sama da ido yake iya gani ba tare da madubin hangen nesa ba?" Na ce masa akwai Vesta, ko da yake sai a shekarar da ya kusanto mu, kuma sai dare ya yi duhu ƙirin.

Wani likita Bajamushe mai suna Heinrich Olbers ne ya gano shi a birnin Bremen ranar 29 ga Maris, 1807. Da rana yana duba marasa lafiya, da dare kuma yana duba sama, kuma tun a 1802 ya riga ya gano wani dutsen sama mai suna Pallas. Zatonsa shi ne wata duniya ce ta tarwatse tsakanin duniyoyin Marikh da Mushtari, don haka ya dage da neman ragowar gutsattsarinta har ya ci karo da Vesta, na huɗu da aka gano cikin irin waɗannan duwatsu. Masanin lissafi Gauss ne ya fitar da falakinsa, shi ne kuma ya raɗa masa suna. Daga nan aka yi shekara 38 ba a sake samun wani ba, sai a 1845.

Vesta yana kewaya rana a nisan kilomita miliyan 353 a matsakaici, yana kammala zagaye ɗaya cikin shekara uku da wata bakwai da 'yan kwanaki, yana kuma juyawa a kan kansa cikin awa biyar da minti ashirin. Faɗinsa kilomita 525 ne, wato ya zarce nisan Khartoum zuwa Gadarif, kuma a nauyi wani da ake kira Ceres kaɗai ya fi shi cikin duwatsun da ke tsakanin Marikh da Mushtari.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda zaton Olbers ya juye. Masana yanzu sun tafi a kan cewa Vesta duniya ce da aka fara haɗawa, jan Mushtari ya hana ta girma. A farkon samuwarsa Vesta ya yi zafi har ya narke, shi ya sa ɓawonsa dutsen aman wuta ne da ya daskare. Kumbon Dawn na Amurka, wanda ya kewaye shi daga Yulin 2011 zuwa Satumban 2012, ya ɗauko hoton wawakeken ramin Rheasilvia da ke kudancinsa, mai faɗin kusan kilomita 500, da tsauni a tsakiyarsa wanda ya ninka Everest fiye da sau biyu. Karon da ya haƙa wannan rami ya watsa duwatsu cikin sarari, kuma wasunsu sun faɗo duniyarmu, suna ajiye a ɗakunan bincike.

Da yaron ya ji haka sai ya tambaya ko duwatsun da suka faɗo a hamadar Nuba a watan Oktoban 2008, waɗanda ɗaliban Jami'ar Khartoum suka tsinto kusa da tashar jirgin ƙasa ta Mahaɗɗa Sitta, daga Vesta suke. Na ce masa a'a, yawancinsu wani iri ne daban mai yawan sinadarin gawayi, kuma uwar da ta haife su ta daɗe da farfashewa.