Abin da murzuna ta koya min a gonakin geron Arewa

Duk wanda ya taso gidan noma a Kebbi ta arewa, wajen su Kangiwa ko Argungu ko Kamba, ya san zangarniyar geron da za ka ga an yi mata zane yana murɗawa daga ƙasa zuwa sama, hatsin wurin ya zube sai gari-gari da kashin tsutsa. Mutanenmu na kan iyaka murzuna suke ce wa tsutsar. Amma ka tambayi manomi wa ya haifi tsutsar nan, kusan duk shiru za ka ji, wasu su ce daga sama take faɗowa da ruwa. Furojet ɗina na ƙarshe a sashen noma a kanta na yi, kuma wallahi aikin ya canza min yadda nake kallon gona gaba ɗaya.

Uwar tsutsar wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne na dare, sunanta na kimiyya Heliocheilus albipunctella, tun 1925 aka rubuta ta a littattafan masana ƙwari. In ta buɗe fukafukai duka faɗinta bai wuce santimita biyu da rabi ba ko kusa da haka, kalarta ja-ja ne mai ruwan ƙasa kamar jigawa, da 'yan ɗige-ɗige farare a fukafukan gaba. Da rana ko tana gabanka ba za ka gan ta ba. Mu dai tarko muka riƙa ɗanawa, fitilar sola a saman baho da ruwa da ɗan omo, da asuba mu je mu tsince, kuma nan ne aiki yake don ƙwarin da ke faɗowa bahon nan ba su ƙirguwa kuma rabinsu duk ruwan ƙasa ne masu kama da juna, sai ka zauna da gilashin ƙara girma kana juya fiffike ɗaya bayan ɗaya har wuyanka ya sage. Malaminmu ba ya yarda ka ce "kamar ita ce", sai ya ce nuna min ɗigon. A nan na koyi cewa gani daban, dubawa daban, kuma har yau in zan rubuta rahoto ba na sa sunan ƙwaro sai na tabbatar.

Namijin nata ma yana da wani abu da ya burge ni, fiffikensa na gaba yana da ɗan kumburi a baki, in yana shawagi da daddare yana neman mace sai ya riƙa fitar da wata 'yar ƙara zzz, in dare ya yi tsit a gona kana iya ji.

Sai maganar inda take zaune. Ita 'yar Sahel ce, bakin hamada, daga Senigal da Muritaniya da Mali, ta biyo Burkina Faso da Nijar da arewacin Najeriya, har Cadi da Sudan. Wato duk layin da gero yake abinci kuma ƙasa rairayi ce. Shi ya sa a ƙananan hukumomin Arewa da Dandi maganarta ta fi ƙarfi, in ka gangara kudu wajen Zuru da Yawuri inda dawa ta fi yawa ba ka cika jin kukanta ba. Kuma da can ba a ɗauke ta wata babbar annoba ba, bayan farin nan na farkon shekarun 1970 ne ta fito fili ta fara cin gero sosai a Sahel. Ƙwaro bai san boda ba, abin da ke cin geron Dogon Dutsi shi ke cin na Kangiwa.

Amma darasin da ya fi zauna min shi ne lokaci. Sau ɗaya take haihuwa a shekara. Tsutsar in ta ƙoshi sai ta sauko ta shige cikin ƙasa ta lulluɓe kanta, ta kwana nan duk hunturu da bazara, zafin watan huɗu da na biyar duk a kanta ba ta motsi, sai ruwan farko ya sauka da kamar wata guda sannan ta fito da fukafukai, daidai lokacin da geron farko ke fitar da kai. Ta zuba ƙwai a sabuwar zangarniya, kwana kaɗan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shige tsakanin bununi tana yanke ƙwayoyin tun daga gindi. To lokacin da manomi zai ga zanen nan ya ruga kasuwa sayen maganin feshi aikin gama ya riga ya gama, tana ciki maganin ba ya kai mata sosai, ga gero ya fi mutum tsawo feshin a fuskarka yake dawowa, kuɗi sun tafi lafiya ta taɓu. Wannan abin yana min ciwo gaskiya, don na ga masu sayar da akuya su sayi maganin.

Wani dattijo da muka yi aiki a gonarsa ya ce min, "ɗana, ni ban san uwarta ba, amma na san maiwa ba ta cika shan wannan wahalar ba." Na ce Baba ai abin da ke cikin littafinmu ke nan, maiwa tana makara wajen fitar da kai, lokacin malam-buɗe-littafin ya gama yawonsa. Shi ya san ƙarshen zancen, mu muka zo da dalilin, kuma tun daga nan in na shiga ƙauye tambaya nake fara yi kafin na buɗe baki da bayani.

Maƙwabtanmu na Nijar sun yi nisa a wannan fannin. Masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maraɗi da na ICRISAT, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, kusa da Yamai suna kiwon wani ɗan mitsitsin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, ana sa shi a 'yan buhunan algarara da ɗan hatsi da tsutsar da zai hayayyafa a kai, a rataye a ƙauye lokacin da gero ke fitar da kai, ya fito ya bazu gonaki yana harbin murzuna yana zuba ƙwansa a jikinta. Ba feshi ba guba, kuma ba ya taɓa mutum ko dabba. Daga Kamba zuwa Gaya ta Nijar tafiyar 'yan mintuna ce, yare ɗaya gero ɗaya tsutsa ɗaya, shi ya sa yanzu nake neman hanyar zuwa Nijar na koyo kiwon zanzaron nan da hannuna kafin damina mai zuwa in Allah ya kai mu.