Kwale-kwalen da na sayo a gwanjon Amurka

Na daɗe ina shigo da motocin gwanjo daga Amurka, shi ya sa da na ga wani kwale-kwalen shaƙatawa mai tsawon ƙafa 21 a gwanjon intanet a farkon 2023, na ɗauka duk kanwar ja ce. Niyyata in sa shi a tafkin Jabi a riƙa zagayawa da mutane ranakun hutu. Arharsa har ta ba ni tsoro, amma ban tsaya tambayar dalili ba. Ashe guguwar Ian ce, wadda ta afka wa Florida a Satumban 2022. Kamfanonin inshora sun biya masu jiragen da suka nutse, suka zuba gawarwakin a gwanjo.

Faɗinsa ne ya fara ba ni ciwon kai. Ƙofar kwantena mita 2.34 ce, shi kuwa 2.59 ne, ko da man shanu aka shafa masa ba zai shiga ba. Dole aka ɗora shi a kan tirelarsa aka tura cikin jirgin dakon motoci, inda girman wurin da ka cinye ake yi wa kuɗi. Kuɗin dakon sai da ya kusa kamo kuɗin saye.

Laifi na biyu nawa ne ni kaɗai: ban buɗe Form M, takardar neman izinin shigo da kaya, a banki ba sai da kaya suka taso. Jirgi ya iso tashar Tin Can da ke Legas, takardar PAAR ta kwastan da ke tantance kuɗin fito ba ta fito ba, kuɗin ajiya yana ta hawa kullum. Ana cikin haka, a watan Yuni, aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700, kuɗin fito ya bi ta.

Da muka iso Abuja na kira wani bakanike ɗan Yawuri da ya tashi a bakin kogin Kwara. Ya buɗe murfin inji, ya zaro ma'aunin mai, ya miƙo mini. Man ya koma kalar shayi mai madara. Ya bare wata waya da farce, sai ga koren tsatsa har ciki. Ya ƙwanƙwasa bayan jirgin da guduma, ƙarar ta fito kamar ta ruɓaɓɓen kabewa.

"Alhaji, wannan ya sha ruwan gishiri ya ƙoshi. Da ka biya wani can ya duba maka kafin ka saya ai."

Akwai masu wannan sana'a a can, kuma ladansu bai kai kuɗin ajiyar da na biya a Legas ba.

Injin cikin jiki ne, irin da kayan gyaransa ke wuya a nan. Muka cire shi, aka sake katakon baya, aka rataya injin Yamaha na waje, wanda kowane bakaniken bakin ruwa ya san cikinsa. Sai bayan wata bakwai, da rajistar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, a hannu, ya taɓa ruwa. Tsohon injin yana nan a garejina, yara na zama a kai.