Dodon katifa a bakin Kogin Kaduna

Labarin fim ɗin da muka rubuta ba shi da laifi: wani ƙaton kada ne mai tafiya da ƙafa biyu yake fitowa daga Kogin Kaduna yana ɗauke masu wanki da masu ɗibar yashi. Kuɗin da muka harhaɗa kuwa ko akuyar kirki ba za su saya ba. Ni ne darakta, ni ne mai riƙe kyamara, wato wayar yayata da na ara.

A Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna, aka ƙera mana kan dodon. Mai walda ya lanƙwasa rodi ya yi ƙwarangwal, muka liƙa soson tsohuwar katifa da gam, muka fere haƙora daga farin silifas, idanu kuma fitilun siginar babur. Tela a Kasuwar Barci ya ɗinka jikin da tampol, ya tambaye ni, "Malam, wannan rigar ta mutum ce ko ta mota?" A cikin shago abin yana da kwarjini, wallahi. Sai da muka fito da shi rana.

Soso maƙiyin ɗan wasa ne. Muka yi aikin a watan Afrilu, lokacin da garin yake tafasa, ƙanen abokina yana ciki ba ya gani sai ta tsakanin haƙora. Kafin a gama fitowa ɗaya ya jiƙe sharkaf, yana ihu daga ciki, "Yaya, ku cire ni!" Da ya shiga ruwa kuwa, soson ya sha ya ƙoshi, kan ya rinjaye shi ya kife, fentin ya bi kogi. Dodon da ya kamata ya ci mutane sai ga masu wanki suna jawo shi gaɓa ta wutsiya. Ba mu muka fara shan wannan wuya ba: Haruo Nakajima, wanda ya sa rigar dodon fim ɗin Godzilla a Japan a 1954, kayan da ya ɗauka sun kai kusan kilo 100.

Da rana tsaka muka ɗauki kusan komai, don ba kuɗin hayar janareto da fitilu. Rana kuwa ba ta rufa wa kowa asiri. Zik ɗin baya ya fito, ɗinkin tela ya fito, har takalmin yaron a ƙarƙashin farata. A gidan kallon da muka haska shi a Tudun Wada, dodo na leƙowa aka fashe da dariya, wani ya ɗaga murya ya ce a mayar wa mai katifa katifarsa.

Wuri ɗaya ne ɗakin ya yi tsit. Mun ɗauke shi dab da magariba, rigar tana shanye ba ta bushe ba, sai muka ɗaura igiya a kututture muka ja shi a ƙarƙashin ruwa. Ba a ganin komai sai ruwa yana tsagewa ya nufo yarinya mai wanke-wanke, ga gurnanin da na yi a cikin bokiti, mai tace fim ya rage masa gudu. Wata mata har da salati. Nan na gane abin da kakanninmu suka daɗe da sani: a tatsuniya ba a tsayawa zayyana kamannin Dodo, muryarsa ake kwaikwaya cikin duhu, yaro ya ƙarasa sauran da kansa. Haka darakta Steven Spielberg ya tsira a fim ɗin Jaws na 1975, da kifin injinsa ya yi ta lalacewa a teku, ya koma nuna motsin ruwa da kiɗa. Masu fim ɗin Robot Monster na 1953 su ne 'yan'uwanmu: rigar goggon biri da hular masu nutso, a fili ƙarara, kuma har yau da dariya ake tuna su.

Ba a rasa gwanaye a garin nan ba. Matasan The Critics, masu shirya fim a Kaduna, sun yi suna a 2019 da waya da koren ƙyallen da ake sauya bayan hoto da shi, suka koyi haɗa siddabarun kwamfuta daga YouTube. Lokacinsu suka zuba a gaban kwamfuta, mu kuma muka zuba namu a soso.

Yanzu muna shirin kashi na biyu. Kuɗin riga sun koma hayar makirufo da fitila, kuma hannu ɗaya kawai za a ƙera wa dodon. Ƙanen abokina ya ce ko hannun ne a nemi wani, shi ɗan sanda zai fito.