Abin da na koya daga wani gari a kan duwatsun Sisili

A kwas ɗin nazarin harsunan tsiraru, malaminmu ya ba kowa gari guda, ya ce mu bi diddigin abin da ya raya harshen mutanensa. Nawa rabon ya faɗa kan Piana degli Albanesi, a tsibirin Sisili na Italiya, kudu da Palermo, babban birnin tsibirin.

Albaniyawa ne suka kafa shi a 1488, suna gudun mamayar Daular Usmaniyya ta Turkawa, shekara 20 bayan rasuwar gwarzonsu Skanderbeg. Sama da shekara 500 ke nan, amma jikokinsu na nan suna jin Arbëresh, tsohon Albaniyancin da kakanninsu suka taho da shi. Allunan titi ma harshe biyu ne.

Duk rubutun da na buɗe, cocin garin ake yaba wa, kuma ba a yi ƙarya ba. Katolika ne masu bin Fafaroma, amma ibadarsu ta Gabas ce, irin ta Girkawa, har limamansu na iya zama masu aure. Shi ya sa aka daɗe ana ce wa garin Piana dei Greci, wato Filin Girkawa, sai a 1941 aka canza sunan. Ranar Ista ana raba ƙwai da aka rina ja, mata su fito da sutura mai aikin zaren zinariya, ƙugu ɗaure da ɗamarar azurfa.

Sai da na leƙa maƙwabta na gane inda gizo ke saƙar. Mezzojuso da Palazzo Adriano ma asalinsu Albaniya ne, sun riƙe ibadar Gabas, amma harshen ya daɗe da kufce musu. Santa Cristina Gela kuwa, da ke dab da Piana, ibadar Roma take bi irin ta sauran Katolikan Italiya, ga harshen kuma yana nan daram. Ashe addini kan riƙe wa mutane sunansu da bukukuwansu, harshe kuma sai uwa ta yi wa yaro faɗa da shi a tsakar gida, sai an yi ciniki da shi a shagon burodi.

Tun daga nan, kowace al'umma aka ba ni, wanne harshe yara ke wasa da shi nake fara tambaya. Dokar Italiya ta 1999 ta amince da Albaniyanci cikin harsunan tsirarun ƙasar, to amma aikin yi yana Palermo da arewacin Italiya, can kuma da Italiyanci ake ɗaukar ma'aikaci.