Talata, da ramukan Kawu

Zafi tun safe, kuran, wato lantarki, ya tafi, Auta ta cinye cajin wayata. Ba wannan ba ne ya hana ni sukuni.

Bayan la'asar na kai wa Kawu hoton nan na Damagaram da malaminmu ya ba mu, wanda Faransawa suka ɗauka daga jirgin sama a shekarun 1950. Birni kamar tafin hannu, ga Zango can gefe, ga duwatsu. Aikinmu mu zagaye duk inda muke zaton an taɓa haƙa wani abu. Rami daga sama baƙin tabo ne kawai. Inuwar bakinsa ke tona shi in rana ta karkata, ko ciyawa da ta fi ta kewaye duhu saboda laima na daɗewa a ciki.

Kawu ya gyara tabarau, ya dangwala yatsa. "Wannan kududdufi ne, ɗana. Nan muka koyi iyo, nan aka sha zane mu." Ya ce ƙasar ganuwar Sarki Tanimun da ta gidajen Birni ai ba daga sama ta faɗo ba. Na ji daɗi sosai, har Inna ta leƙo ta ga me muke wa dariya.

Sai muka zo kan wasu ƙananan tabo, jere a bayan gari. Ni na ce ramukan tama ne, dutsen da ake narkawa a sami ƙarfe, na maƙeran da. Kawu ya ce atafau burji ne aka ɗiba don hanyar mota, zamanin da Damagaram ke babban birni, kafin a mayar Yamai a 1926. Na ce ramin burji faɗi gare shi kuma yana bin hanya, waɗannan ƙanana ne. Ya ce, "Kai da hotonka, ni da ƙafata." Hoto dai ba ya faɗin shekarun rami, ko me aka fitar. Sai an je an duba ko akwai kashin maƙera, wato dattin da ke saura in an narka tama, a kusa.

To ina za a je? Na buɗe Google Earth a wayar Yaya: gidaje ne a wurin, kwano kan kwano. Kududdufin Kawu ma an cike rabinsa da shara an yi gini, ga damina tafe.

Tuwon dare bai shige ni ba. Juma'a za a karɓi aikin, na sa alamar tambaya a kan ramukan da jan biro.