Ruwan zinare ya ɓace a tsakar rana: mako na bakwai da shafin Yaya

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Mako bakwai ke nan ina gina wa yayata shafin sayar da humra da turaren wuta, kuma makon nan kaf a kan kala ya ƙare. Kuɗin aikin bai wuce na data ba, don shafin a GitHub Pages yake zaune, wani masaukin shafuka a intanet, ba a biyan ko kwabo.

Tun farko Yaya ta ce ruwan zinare take so, irin na murfin kwalabenta. Na sa mata zinare mai lambar kala #D4AF37 a kan farin bango, sunan kaya da farashi duk da shi. A laftof ɗina, cikin ɗaki da labule a sake, abin ya ƙayatar har na ɗauki hoto na tura mata. Washegari da azahar ina Kantin Kwari, na ciro waya in yi wa wani abokina burga, sai farashin ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. Sai da na yi wa wayar rumfa da tafin hannu kafin muka ga lambobin.

Da na dawo gida na zuba kalolin biyu a ma'aunin WebAIM, wanda kyauta ne. Yana auna tazarar haske tsakanin rubutu da bangon da ke bayansa. Baƙi a kan fari shi ne ƙoli, 21 da 1. Ƙa'idar WCAG, wadda aka tsara don shafuka su yi wa kowa sauƙin amfani, ta ce ƙaramin rubutu kada ya gaza 4.5, babban rubutu kuma 3. Zinarena 2.1 ya samu. Ruwan tokar da na rubuta bayanin kaya da shi, #999999, shi ma bai kai 3 ba. Ku riƙe ruwan toka mai lamba #767676, don daga shi in aka ƙara haske ko ɗigo ɗaya a kan fari an faɗi.

Da farko na so in yi irin gwajin manya, a raba masu shigowa gida biyu, kowane kashi ya ga kala daban, a ƙirga wanda aka fi dannawa. Google ta taɓa gwada shuɗi har iri 41 ta wannan hanya. To amma ita miliyoyin mutane ke ratsa ta kullum. Ni masu leƙa shafin Yaya a mako ba su cika arba'in ba, rabinsu kuma dangi ne. Ko shekara na yi ina ƙirgawa, canki-canka kawai zan yi. Kayan aikin kyauta da ake yawan ambata a tsofaffin darussa, Google Optimize, an ma rufe shi tun Satumbar 2023, kada ku ɓata data wajen nemansa.

Sai na koma ga shawarar Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da shafuka, ta shekarar 2000, cewa in ka zauna ka kalli mutum biyar suna amfani da shafi, za ka gano kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolinsa. Na samu gwaggona, da ƙanena, da telan layinmu, da wata maƙwabciya, da mai shayin bakin titi. Kowa da wayarsa, yawanci Itel da Tecno, ɗaya ma gilashinta a tsage. Ladan aikin kofin shayi da godiya.

A nan na yi kuskuren da nake so ku kauce masa. Mutum na farko na tambaye shi, "Ya ka ga shafin?" Ya ce, "Ma sha Allah, ya yi kyau ƙwarai." Ai dole. Wa zai dubi idonka ya kushe abin da ka kwana kana yi? Kara ba za ta bari ba. Daga nan na daina neman ra'ayi, na koma ba da aiki: a nemo min kuɗin ƙaramar kwalbar humra, sannan a yi kamar za a saya. Ni kuma in ja bakina in yi shiru, hannuna a aljihu. Shirun nan ya fi komai wuya, don kana ganin yatsan mutum yana shawagi a gefen maballin, zuciyarka na cewa ga shi nan, ga shi nan.

Gwaggo ta ga farashin bayan ta matso da wayar dab da hancinta. Sai ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, to ina ake taɓawa?" Maballin sayen na yi masa siririn zane ne da zinare, ita ta ɗauka ado ne. Tela da mai shayi kuwa hoton kwalbar suka yi ta dannawa, har tela ya ce ko netwok ne. Mutum uku cikin biyar ba su ga maballin ba. Na cika shi da kore mai duhu, #075E54, da farin rubutu "Yi oda ta WhatsApp", na kuma sa hoton kansa ya zama abin dannawa tunda can hannu ke zuwa.

Ƙanena ne ya hango wani abin da ba na kala ba. Salon haruffan kwalliya da na ɗauko ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, sai wayar ta aro su daga wani salon. A kalmar "ƙamshi" harafin farko ya fito tsaye ƙiƙam kamar baƙo a taron biki. Na koma Noto Sans. Yanzu duk salon da zan ɗauka sai na fara rubuta "ɓera ya ɗauke ƙwai" na gani.

Na kuma buɗe sashen Rendering a DevTools, wato kayan aikin masu gina shafi da ke cikin burauzar Chrome, inda ake kwaikwayon idon da ba ya rarrabe ja da kore. Ɗigon ja na kayan da suka ƙare da ɗigon kore na waɗanda ake da su duk suka koma kala ɗaya, wani ruwan ƙasa-ƙasa. Na rubuta "akwai" da "ya ƙare" a gefensu, aikin minti biyar.

Saura zinaren Yaya. Ban jefar da shi ba, na canza masa mazauni. Saman shafin na mayar da shi shuɗi mai duhu, #1A237E, kusan kalar baban da ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata, zinaren ya hau kai ya ba da 6.3. Farashi kuwa baƙi a kan fari, babu ciniki. Na kai mata da rana tsaka, na ce mu fita tsakar gida ta duba. Ta juya wayar, ta karanta, ta ce, "To, ƙanina, na yarda da na saman. Amma kayan amare ruwan hoda za ka sa min." Na ce sai mun auna. Ta ce in auna da kyau, don ita ba za ta sauya ba.

Na gwada ruwan hoda uku a daren, duk ba su kai 4.5 a kan fari ba. Gobe zan gwada shi a matsayin bango da baƙin rubutu a kai, in sake kai wa Gwaggo.